Daga rikodar Kawu zuwa memori: yadda sauti ya shigo aljihunmu

Akwai wata 'yar rediyo ja da Innarmu ke ajewa bisa tagar ɗakinta a nan Ƙofar Marusa, ba ta wuce sabulun wanki girma ba, gefe guda ma ya tsage an naɗe da salatif. Sunanta dai rediyo amma ban taɓa jin ta kama tasha da ita ba, memori ne a ciki, kuma a cikin memorin nan akwai Alƙur'ani izu sittin da tafsirin azumi na wata guda cur da wasu ƙasidu na yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi. Inna ba ta yi boko ba, ba ta karanta lambar da ke fitowa a ɗan gilashin, amma ta san sau nawa za ta danna ta iso Suratu Yasin. Ranar da na zauna ina kallonta tana tankaɗe tana bin karatun da baki sai na ce a raina wai shin wa ya ƙirƙiro abin nan ne, kuma ya san inda zai ƙare kuwa?

Mu da muka tashi a shekarun 1980 da 1990 mun san wahalar da ake sha kafin a ji sauti. Kawuna yana da rikoda mai cin manyan batura shida, in batir ya fara sanyi sai ka ji muryar mawaƙi ta yi nauyi tana ja kamar mai jin barci, sai a kwashe baturan a shanya a rana wai su ƙara ƙarfi. In kana son ka maido kaset baya ba ka ɓata batir, biro za ka zura cikin ramin ka yi ta juyawa. In rikoda ta tauna zare kuwa to ranar nan aiki ya samu, a kwance kaset da ƙaramar wuƙa, a yanke wurin da ya tauye, a liƙe da jan farce, kuma har abada wurin nan baiti ɗaya ya tafi kenan. Kaset ɗin nan kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 1963, kuma gaskiya ya yi mamu rana, da shi ake naɗar shirye-shiryen Rediyon Kaduna, da shi ake aika wasiƙar baki ga ɗan'uwa da ke Legas ko Makka, iyali su zagaye rikoda kowa ya yi gaisuwarsa har da jariri a sa shi ya yi kuka a ji. Amma galibin kaset awa ɗaya yake ɗauka ko awa ɗaya da rabi, shikenan, tafsirin azumi guda sai ka tara kaset cike da kwali.

A 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, ƙaramar rikoda da mutum zai rataya ya toshe kunne ya yi tafiyarsa. Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, na farkon nan ramin iyafis biyu gare shi, har da wani maɓalli da za ka danna ku yi magana da abokin saurarenka, saboda su kansu masu kamfanin suna jin nauyin a ce mutum ya ware shi kaɗai yana jin kiɗa cikin jama'a. Ku riƙe wannan don zan dawo kansa. A shekarar nan dai ta 1979 wani matashi Bature ɗan Ingila, Kane Kramer, ya zana wata na'ura da za ta riƙe waƙa ba kaset ba faifai, sai dai a lokacin abin da za ta iya ɗauka minti uku da rabi ne kacal, ya yi rajistar fasaharsa amma a 1988 ya kasa haɗa kuɗin sabunta takardar sai ta faɗi. Tunanin ya riga zamaninsa ne kawai, wurin ajiya bai samu ba tukun.

To matsalar kenan, wurin ajiya. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana maida sauti lambobi, yana da tsabta ƙwarai, amma minti ɗaya na cin kusan megabait 10. Waɗanda suka warware ƙullin wasu injiniyoyi ne a cibiyar Fraunhofer da ke garin Erlangen a Jamus, wanda aka fi sani cikinsu Karlheinz Brandenburg, kuma dabararsu ba daga na'ura ta faro ba, daga kunnen ɗan Adam ta faro. Ka taɓa tsayawa bakin injin niƙa wani na yi maka raɗa? Maganar na nan, ta fito daga bakinsa, amma kunnenka bai ɗauka ba don ƙarar injin ta danne ta. Haka abin yake a cikin kiɗa, duk lokacin da aka doka ganga da ƙarfi akwai ƙananan sautuka a gefenta da kunne ba zai ji ba, akwai kuma waɗanda suka yi sama da yawa da kunnen babba ba ya kaiwa gare su. Sai suka ce to mi zai sa mu adana abin da ba a ji? Suka rubuta lissafin da zai bi waƙa gutsure-gutsure yana zubar da abin da kunne ba zai yi kewarsa ba, sai ga minti ɗaya ya dawo kusan megabait 1. Ni ina kwatanta shi da kilishi, an ɗauki tsoka mai nauyi an shanya ruwa ya fita, ta yi shafal ka sa a jaka ka tafi da ita Maraɗi, ɗanɗanon nama na nan amma fa kilishi ba ya komawa ɗanyen nama, abin da aka zubar ya tafi. Wannan tsari shi ne MP3, sunan da aka laƙaba wa fayil ɗin a 1995.

Daga nan abu ya yi sauri. A 1998 wani kamfani a Koriya ta Kudu, SaeHan, ya fitar da 'yar na'urar jin MP3 mai suna MPMan, sai wani a Amurka ya fitar da Rio mai megabait 32, wato kusan rabin awa na waƙa, ko kaset ɗin Kawu bai kai ba, amma duk da haka ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka ta garzaya kotu don a hana sayar da shi, ta kuma sha kaye a 1999, don sun hango abin da ke tafe. A watan Yunin 1999 wani ɗalibi, Shawn Fanning, ya buɗe Napster inda mutane ke musayar waƙoƙi kyauta ta intanet. A wannan watan ne kuma Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa aka kai shi makwanci a Daura. Ina yawan tuna haɗuwar abubuwan nan biyu, mutumin da ya yi shekaru fiye da hamsin yana waƙa ya bar duniya daidai lokacin da duniya ta gano yadda za ta kwafi waƙa ba iyaka ba kuma ko sisi.

Sai iPod na kamfanin Apple a watan Oktoban 2001, giga 5, waƙa 1000 a aljihu, dala 399. In ka karanta abin da Turawa ke rubutawa a kan wannan tarihi nan suke tsayawa su yi ta bayani, farin iyafis, kowa a jirgin ƙasa kunne toshe ba mai kula kowa, sayen waƙa ɗai-ɗai a santi 99 daga 2003 maimakon sayen faifai sukutum, har zuwa 2022 da Apple ya daina ƙera shi don waya ta cinye aikinsa. Duk gaskiya ne. Amma ba labarinmu ba ne. Ni dai a Katsina mutum biyu ko uku na taɓa gani da iPod, su ma tsaraba aka kawo masu daga waje. Abin da ya faru a wurinmu a 2001 shi ne zuwan GSM, kuma shi ma da farko layi sai mai hali. Namu juyin ya zo ne bayan wasu shekaru ta hanyar abu uku, wayar Chana mai lasifika kamar ta masallaci, da memori wanda bai kai farcen ɗan yatsa ba, da kuma wani bawan Allah zaune a 'yar rumfa da tsohuwar kwamfuta da ƙaramin janareta, wato mai turi.

Mai turin nan shi na fi so a tsaya a duba, don a ganina shi ne ainihin bambancinmu da su. A can mutum ya zauna a ɗakinsa ya sauke waƙa daga intanet shi kaɗai, mu kuwa a lokacin data ta fi ƙarfinmu kuma ko akwai ta ba ta gudu, don haka intanet ɗinmu mutum ne mai rai wanda za ka yi wa sallama. Akwai wanda nake zuwa wurinsa wajejen Ƙofar Ƙaura, caji yake yi yana kuma turi, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta. Ka miƙa mashi memori ya ce "Malam mi za a zuba, wa'azi ko na nanaye ko gargajiya?" In dattijo ne ya san abin da zai ba shi, in Bafulatani ne ya shigo cin kasuwa ya san foldar da zai buɗe, in yarinya aka aiko daga cikin gida da memori ƙulle a gefen mayafi ta ce "Mama ta ce a sa mata karatu da azkar" ya san wane alaramma matan unguwar suka fi so. Wato shi ne ɗakin karatu, shi ne gidan rediyo, shi ne kuma mai tacewa, abin da ya sa a kwamfutarsa shi unguwa za ta ji wata guda. Wannan iko ne babba kuma ba wanda ya naɗa shi.

Kuma mu ba iyafis muka fara rungumar ba, lasifika muka runguma. Shi ya sa har yau in Bahaushe ya ce "MP" ba fayil yake nufi ba, akwatin nan mai ƙara yake nufi wanda mai shayi ke ajewa kusa da gwangwanayen madara, wanda mai Napep ke ɗaurewa bayan kujera, wanda manomi ke ratayewa a reshen bishiya yana noma. Abin da aka ƙirƙira don mutum ya ji shi kaɗai mu sai muka maida shi na taro, ramin iyafis na biyun nan da Sony ya sa sannan ya cire daga baya mu muka riƙe ma'anarsa. Matasa su haɗa kai a majalisa ana tura waƙa ta Bluetooth waya na kusa da waya ana jira ta cika, daga baya Xender ya zo abin ya zama ƙiftawa da bismilla.

Alherin da ya kawo ba ƙarami ba ne kuma ba na son a raina shi. Memori mai giga 2 zai ɗauki sama da awa 30 na sauti mai kyau, in magana ce zalla ma aka ƙara matse ta ya fi haka nesa ba kusa ba. Ku duba mi wannan ke nufi ga macen da ke cikin gida wadda ba kullum za ta samu fita makaranta ba, ko makaho, ko tsoho da idonsa ya yi rauni, ko almajiri mai tilawa da zai maimaita aya ɗaya sau ashirin yana jin yadda Husari ko Minshawi ya furta ta ba tare da zare ya tsinke ba. A da sai ka jira lokacin da gidan rediyo ya ga dama, in ka makara ya wuce ka. Sheikh Abubakar Gumi ya rasu a 1992, Sheikh Ja'afar Mahmud Adam an kashe shi a 2007, amma yaran da aka haifa bayansu sun san muryoyinsu kamar sun zauna gabansu, haka malaman ɗariƙu da masu ƙasida da mawaƙan gargajiya da suka daɗe a ƙasa. Al'ummar da mafi yawan iliminta a baki yake ba a takarda ba, ranar da aka ce baki ya samu ma'ajiya mai arha ai ranar ta fi ƙarfin a kira ta nishaɗi.

Amma fa akwai wanda ya biya kuɗin wannan arha, kuma mawaƙi ne da ɗan fim. Zamanin kaset da CD, duk da satar fasaha da ake yi, akwai kasuwa, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata a Kano su sayi aiki su buga su rarraba, dilolin Katsina da Funtua da Jibiya su saro, har a tsallaka da shi Nijar, kuɗi na komowa ko yaya ne. Kwafin kaset yana cin lokaci, yana cin kaset, kuma kowane kwafi ya fi na baya dushewa, to wannan wahalar ita ce katangar da ke kare mai waƙa. MP3 ya rushe katangar, kwafi na dubu daidai yake da na farko kuma ba ya cin komai. Mai turi na karɓar ladan aikinsa, wanda ya yi waƙar ya biya situdiyo ya biya mai kiɗa da 'yan amshi ba ya ganin ko kwabo. Ba na zagin masu turi, matasa ne da suka nemi na kansu da halal ɗin da suka gani maimakon zaman banza, kuma mu da ke kai memorin ba mu taɓa tambaya ba. Amma sakamakon a fili yake, shagunan kaset sun koma sayar da caja da murfin waya, mawaƙi kuma da ya rasa kasuwa sai ya koma inda kakanninsa suka fito, wato neman ubangida. A da sarki ne ko attajiri, yanzu ɗan siyasa ne ko mai biki. Masu ƙorafin cewa waƙoƙin yanzu duk sun zama na yabon 'yan takara da kiran sunan amarya da ango su sani cewa ba lalacewar basira ba ce kaɗai, mai sauraro ya daina biya ne sai mawaƙi ya juya ga wanda ke biya. YouTube da Audiomack sun ɗan buɗe wata ƙofa ga waɗanda suka iya, kuma a 2023 marigayi Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka da ta taɓo harkar intanet, amma wace doka ce za ta shiga tsakanin waya da waya a majalisar ƙofar gida?

Abu na biyu da ke damuna shi ne ɓacewar asali. Kaset yana da kwali, akwai hoto, akwai suna, wani lokaci har da shekara. Fayil kuwa kowa na iya canja mashi suna. Na sha ganin waƙar wani makaɗin an rubuta sunan wani, duk wata tsohuwar waƙa mai kalangu sai a ce ta Shata ce, kamar ba a yi wasu mawaƙan ba a ƙasar Hausa. A fagen addini abin ya fi haɗari, a ɗauki karatun malami na awa biyu a yanko minti ɗaya, a cire tambayar da aka yi mashi da sharaɗin da ya gindaya, a sake shi yana yawo, mutane su yi ta gaba da juna a kan maganar da mai ita bai faɗa haka ba. Sauƙin yankan nan shi ma ɗan MP3 ne, a zamanin jan farce ba kowa zai iya ba.

Yanzu kuma abin da Turawa suka yi kuka da shi tun zamanin Walkman ya iso mu a makare. Ɗan ƙanwata in ya shigo gida kunnuwansa biyu a toshe da ƙananan iyafis marasa igiya, Inna ta yi mashi magana sau uku bai ji ba sai an taɓa shi, ranar nan ta ce mashi "Kai ɗan nan, kunnen nan amana ce fa, in ka kashe shi ba a saye a kasuwa." Kuma ba ta yi ƙarya ba, tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa kusan biliyan 1.1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi. Ga masu tuƙa babur da iyafis a kunne a kan titin Kano ko zagayen Ƙofar Soro, ana yi masu ham ba su sani ba. Amma ni abin da ya fi tsaya mani ba kunnen ba ne, a da uba ya san abin da ɗansa ke ji don rikoda ɗaya ce a gidan kuma a tsakar gida take, in waƙar ba ta dace ba tsawa ɗaya ta isa. Ko zamanin MP ma unguwa na ji tare, a yi musu, a yi gyara, yaro ya ji tsohuwar waƙa ko ba ya so har wata rana ya tsinci kansa yana rera ta. Yau gida ɗaya mutum takwas kowa da duniyarsa a kunne, kuma mai zaɓa mashi abin da zai ji na gaba ba mai turin Ƙofar Ƙaura ba ne da ya san babansa, wani lissafi ne a kwamfutar wani kamfani a wata ƙasa.

Sannan kada mu ruɗu mu ɗauka abin da ke memori ya tsira. Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, ta iya waƙoƙin daka da na niƙa da na reno waɗanda ban taɓa jin su a bakin kowa ba, wata rana a 2011 na zaunar da ita a zaure na ce "Kaka yi mani waɗanda kuke yi kuna 'yan mata", ta yi dariya ta ce mi zan yi da su, sannan ta yi ta yi har kusan awa guda tana tafa cinya a madadin taɓarya. Na naɗa a waya, na ce na adana. Ban kwafa a ko'ina ba. Bayan rasuwarta da shekara biyu memorin ya fara cewa sai an goge shi, na kai wurin masu gyara uku har Kano, ba wanda ya iya fiddo komai. Kaset ɗin Kawu kuwa da muke rainawa, na 1987 wanda aka aiko daga Makka, makon jiya na samu wani dattijo mai gyaran rediyo a tsohuwar kasuwa ya sa mani shi a rikodarsa, yana shuu yana ja amma muryar na nan, har kukan jaririn.

Memorin Kaka yana cikin walat ɗina naɗe a takarda, duk wanda aka ce mani ya iya sai na kai mashi. Kaset ɗin kuma na bar shi wurin wani yaro mai kwamfuta zai juye mani shi, na ce ya yi kwafi uku, ɗaya a waya, ɗaya a fulash, ɗaya kuma a sa a 'yar jar rediyon Inna, don muryar yayanta ce a ciki kuma rabonta da jin ta shekara talatin da wani abu.